Danjar Motar Baba

Ubansa ne ya laƙaba masa suna Fiyus tun yana ƙarami, domin a cewar tsohon, da zarar abu ya ɗau zafi sai yaron ya yanke. Sunan ya bi shi makaranta, ya bi shi gidan aure, da ya tashi neman sana'a kuma sai ya faɗa wayarin mota, kamar wanda ya yi rantsuwa sai ya gaskata ubansa. Yanzu ga furfura a gemu, ga tumbin da ba ya barin sa shiga ƙarƙashin sitiyari sai da nishi, ga tabarau da yake wuni yana nema alhali yana bisa goshinsa. Har yau dai in magana ta yi zafi, Fiyus yankewa yake yi.

Shagonsa rumfar kwano ce a bakin gareji. Akwai benci guda mai gajeriyar ƙafa, da tebur cike da matattun batura, da wayoyi ja da baƙi rataye a ƙusa kamar hanjin rago. Maƙwabcinsa mai faci ne, mutumin da bai taɓa ganin aikin wani ya rasa shawarar da zai bayar ba.

Da hantsi Baba, uban nasa, ya shigo da motarsa. Farar mota ce a da, yanzu ta koma kalar haƙorin tsoho. Baba ya ƙare ƙuruciyarsa a kan babbar mota, yana kwana a hanya, yana dawowa gida da warin man dizal da labarin gadoji. Da ya ajiye wannan aiki sai ya sayi 'yar ƙaramar nan. Tun da Inna ta rasu, ita ce abokiyar hirarsa. Yakan wanke ta da safe, ya goge gilashi da tsohuwar hular sanyi, ya fita da ita zagaye ko da babu inda za shi.

"Kai, Fiyus, motar nan ta fara raina ni."

"Sannu da zuwa, Baba. Me ta yi?"

"Abu biyu. In na murɗa makulli da safe sai ta yi min shiru, kamar na gai da kurma. Sannan duk wanda ya biyo bayana sai ya dame ni da hon, wai danjata a kunne take. Jiya wani ɗan tasi da bai kai jikana ba ya leƙo ya ce min, tsoho, tsayawa za ka yi ko tafiya?"

Mai faci ya tuntsire da dariya. Baba ya juya ya dube shi, dariyar ta koma tari.

Fiyus ya ji daɗi a ransa, domin aiki ne na cikin sauƙi. Wasu 'yan makunnai ne guda biyu, kowanne bai wuce babban yatsa ba, a ɓoye a ƙarƙashin sitiyari. Ɗaya yana saman kuloci, shi ne ke hana mota tashi sai an taka kulocin har ƙasa. Ɗayan yana saman birki, shi ke kunna jar fitilar baya, wato danja, in an taka, ya kashe ta in an saki. Ya canja irinsu ba adadi. Ya shimfiɗa kwali a ƙasa, ya durƙusa, ya cusa kai da kafaɗa ciki, tumbin ya tsaya a waje yana gadi.

Ya sa fitilar gwaji a wayar makunnin kuloci, ya danna ƙarfen da hannu. Fitila ta kama. Ya saki, ta mutu. Ya koma na birki, haka nan. Ya jijjiga wayoyin, ya duba fiyus, ya hura soket ɗin kamar yadda duk mai wayarin ke yi in ya rasa abin yi. Komai lafiya lau. Ya hau kujera, ya taka kuloci, ya murɗa makulli. Mota ta tashi tun kafin ya gama murɗawa.

"Ka gani ko?" in ji Baba. "Munafuka. Ta ga mai gyara ta shiga hankalinta. Zo mu gwada danja."

Gwajin danja tsohuwar al'adarsu ce su biyu. Lokacin da Fiyus yake yaro, Baba ba ya fita doguwar tafiya sai ya tsayar da shi a bayan babbar motar. Baba ya taka, yaro ya ƙwala murya ya ce ta kama, Baba ya saki, yaro ya ce ta mutu. Baba bai yarda da hasken da ke jikin bango ba, bai yarda da karen motarsa ba, sai ɗansa. A duk rayuwar Fiyus, wannan ne kaɗai aikin da ubansa bai taɓa sake dubawa ba bayan ya yi.

Baba ya shiga, Fiyus ya zagaya baya.

"Taka, Baba."

Jar fitila ta kama.

"Ta kama. Saki."

Fitila tana nan jajir.

"Baba, saki!"

"Na saki tun ɗazu. Kai ma kurman ne?"

Fiyus ya taho ta gefen direba yana tunanin ko ƙarfen birkin ne ya maƙale. Ya sunkuya ta taga. Ƙafar Baba ta dama tana kwance a karkace, rabinta a kan totur, gefenta a kan birki. Takalmin ya zame, diddige yana waje. Baba kuwa idonsa yana kan gilashin gaba, hannunsa biyu a sitiyari, fuskarsa cike da gaskiya. Bai san inda ƙafarsa take ba.

Ciwon suga ya daɗe tare da tsohon. Sun saba da shi kamar baƙon da ya zama ɗan gida, ana ba shi ƙwaya safe da yamma ya yi shiru. Ba wanda ya lura ya sauka ƙasa ya fara ci daga yatsu. Nan take Fiyus ya gane duka abu biyun. Ƙafar hagu ba ta jin ta kai ƙasa, sai ta tsaya a rabi, mota ta ƙi tashi. Ta dama ba ta jin ta bar birki. Makunnan nan gaskiya suke faɗa, su kaɗai a wurin.

"To, me ka gani?" in ji Baba.

Fiyus ya buɗe baki. Ya ji zafin ya taso daga ƙirji zuwa wuya, sai ya yanke.

"Makunnin birkin ne, Baba. Ya gaji."

"Na faɗa maka. Cire shi."

Ya kwance lafiyayyen makunni, wanda Baba ya taɓa naɗa wa jan tef da hannunsa, ya ɗaura sabo. Ya ɗaga hannu zai jefa tsohon a kwalin tarkace, sai ya kasa, ya sa shi a aljihu.

Washegari Yaya ta zo shagon. Ita ce babbarsu, ita ke zaune da Baba tun rasuwar Inna, ita ke kai shi asibiti. Ba ta zauna a benci ba, domin ta san halin ƙafarsa.

"Fiyus, ka san likita ya soka wa Baba allura a tafin ƙafa, shi kuwa yana ba ma'aikaciyar jinya labarin wata gada? Bai ko motsa ba."

"Allah ya sawwaƙe."

"Amin. Likita ya ce ya bar tuƙi."

"Shi Baba me ya ce?"

"Ya tambayi likitan ko ya taɓa juya tirela da baya. Ka ji ni, kai kaɗai zai saurara. Ni in na yi magana sai ya ce me mace mai dafa ruwan shayi ta sani game da mota. Kai ne mai mota a gidan nan."

"Ni wayarin nake yi, Yaya. Ba na gyaran ƙafa."

Ta dube shi da irin kallon da take yi masa tun yana jiƙa tabarma.

"Girma ya zo maka har gemu, amma bai shiga ciki ba," ta ce, ta tafi.

Ya yi niyya, wannan kam ba a raba shi da ita. Fiyus gwanin niyya ne. A ƙarƙashin motocin mutane ya shirya jawabi mai kyau, mai ladabi, har da wurin da zai yi shiru ya sunkuyar da kai. Ya gwada shi a kan wani mataccen batir, ya tafi daidai. Amma duk sanda ya kai ƙarshe sai ya hango Baba zaune a tsakar gida ba makulli a aljihunsa, yana kallon bango daga safe har yamma, sai jawabin ya watse.

Bayan 'yan kwanaki Baba ya dawo a fusace.

"Jabu suka sayar maka. Danja tana nan, kuma yau sai da na yi ta fama kafin ta tashi. Kai har yanzu ba ka iya bambance kaya mai kyau ba?"

Ya tafi gindin bango ya zauna yana huci. Mai faci ya matso, yana goge hannu da tsumman da ya fi hannun dauɗa.

"Malam, me kake wahalar da kanka? Haɗa wayoyin kulocin nan biyu, ta riƙa tashi ko jariri ne ya murɗa. Danja kuma zare ƙwan. Tsoho ya huta, kai ma ka huta."

"Ni ba na irin wannan aikin," in ji Fiyus, da muryar mutum mai mutunci.

Bai yi irin wannan aikin ba kuwa. Wanda ya yi ya fi shi tsafta. Kowane makunni yana da 'yar ƙusa mai noti da ake matsar da shi gaba ko baya. Ya ɗauki ƙaramar sifana, ya matso da na kuloci, yadda ko rabi aka taka zai ce an kai ƙasa. Ya gyara na birki yadda nauyin ƙafar da ke kwance ba zai tashe shi ba, sai an taka da ƙarfi. Bai yanke waya ba, bai zare ƙwai ba. Duk mai wayarin da ya leƙa zai ce aiki ya yi kyau. Cikin rabin sa'a ya koya wa motar ƙarya, ta kuma iya.

Baba ya murɗa, ta tashi. Suka gwada danja, ta kama, ta mutu.

"A'a!" in ji Baba. Ya fito, ya dubi mai faci, ya nuna Fiyus da haɓa. "Ashe yaron nan ya iya aiki."

Fiyus ya kusa shekara hamsin yana jiran wannan magana. Ya sha zana yadda za ta zo, wataƙila ranar da ya buɗe shago, ko ranar da ya tayar da motar da gareji uku suka kasa. Ba ta zo ba sai yau, a kan aiki mafi muni da hannunsa ya taɓa yi. Ya ce, "Na gode, Baba." Abin kunyar shi ne har ya ji daɗinta.

Aka samu kwanaki na zaman lafiya. Baba yana wucewa ta gaban gareji ya yi hon sau biyu, ya ɗaga hannu. Fiyus ya ɗaga nasa, ya bi motar da kallo har ta sha kwana, yana sauraron ko zai ji ƙara. Abinci ya daina yi masa ɗanɗano. Matarsa ta tambaye shi ko ciki ne, ya ce gajiya ce.

Abin da ya manta, shi da ya girma a gidan, shi ne Baba bai taɓa yarda da birkin hannu ba. Tsohon direban babbar mota ne, ko a fili shimfiɗaɗɗe ya ajiye mota, a giya yake barin ta.

Da safe wayar Yaya ta shigo. Muryarta a kwance take, wannan ne ya fi tsorata shi.

"Ɗauko kayan aikinka ka zo gida."

Motar ta saba kwana a tsakar gida, hancinta yana kallon bango, tsakaninta da bangon akwai famfo da bishiyar lemon da Inna ta dasa. Da ya shiga, ya tarar hancin motar a manne da bango. Bishiyar ta karye daga gindi, tana kwance a kan bonet, ganyenta bai ma san ya mutu ba. Wata robar wanki ta lotse a ƙarƙashin taya.

"Ina tsugune a nan ina tara ruwa," in ji Yaya. "Na tashi ɗauko sabulu. Sabulu, Fiyus."

Ta koma bakin ƙofar ɗaki ta tsaya, ta harɗe hannu.

Baba yana zaune a kujerar roba, hularsa a gwiwa.

"Da kanta ta yi tsalle," ya ce. "Ina murɗa makulli ta zabura kamar an tsikare ta. Na taka birki, babu. Na taka, na taka, babu. Ka duba min, akwai abin da ya tsinke."

Fiyus ya san ba abin da ya tsinke. An taka kuloci rabi, makunnin da ya koya wa ƙarya ya ce an kai ƙasa, mota ta tashi a giya. Birkin kuwa yana nan daram, ƙafar ce ta yi ta dukan ƙasa a gefensa.

Shi da wani maƙwabci suka tura motar baya, suka janye bishiyar. Ya shimfiɗa kwali ya durƙusa. Ya mai da notin makunnin kuloci inda yake tun asali. Ya kwance sabon makunnin birki, ya lalubo tsohon mai jan tef daga aljihu, inda ya kwana ya tashi tare da shi duk kwanakin nan, ya ɗaura shi a mazauninsa. Ya daɗe a ciki fiye da yadda aikin ke bukata. Wurin da duhu, ba mai ganin fuskarsa.

Da ya fito, jawabin nan nasa mai ladabi ya zo masa har baki. Ya dubi Baba, ya ji zafin ya taso, ya ji wayar cikin ƙirjinsa tana shirin yankewa kamar kullum. Bakinsa ba zai iya ba, ya san haka. Abin da ya iya guda ɗaya ne.

"Baba, zo mu gwada danja. Amma yau kai za ka tsaya a baya, ni in taka."

Baba ya ɗaga kai. Tunda suke, bai taɓa tsayawa a baya ba.

"Me ya sa?"

"Ina so ka gani da idonka."

Tsohon ya miƙe, ya taka a hankali, yana ɗaga ƙafa sama fiye da kima kamar mai tafiya cikin ruwa. Fiyus ya yi mamakin yadda bai taɓa lura da wannan tafiyar ba. Ya shiga mota, ya taka.

"Ta kama," in ji Baba.

Ya saki.

"Ta mutu. Sake."

Ya sake. Ta kama, ta mutu. Ya taka kuloci har ƙasa, ya murɗa, ta tashi. Ya kashe, ya taka rabi, ya murɗa, ta yi shiru. Ya bar ƙofa a buɗe don Baba ya ga ƙafarsa. Baba ya zagayo, ya tsaya yana kallo.

"Fito," in ji Baba. "Koma wurinka."

Fiyus ya koma baya. Baba ya shiga, ya gyara zama, ya kama sitiyari.

"Taka, Baba. Ta kama. Saki."

Fitila tana nan ja.

Bai sake cewa saki ba. Ta gilashin baya yana hango ƙeyar ubansa a miƙe, tana kallon gaba. Wannan shi ne mutumin da ya koya masa tuƙi da ranƙwashi, duk sanda ya leƙa ƙasa sai ya ji shi a ka: idonka a hanya, ƙafa ta san gidanta. Ƙeyar ta daɗe a miƙe. Sannan a hankali ta sunkuya.

Baba ya daɗe yana kallon ƙasa. Fiyus ya ga kafaɗunsa sun motsa, ya ga ya saki sitiyari, ya sa hannu biyu ya kama wandonsa a gwiwa, ya ɗaga ƙafar kamar mai ɗauke kayan wani, ya ajiye ta a gefe.

Jar fitila ta ɗauke.

"Ta mutu, Baba," in ji Fiyus. Muryar da ta fito ba ta mai furfura ba ce.

Yaya ta juya ta shige ɗaki.

Fiyus ya zagayo ya tsaya a bakin ƙofar motar. Baba bai dube shi ba, yana kallon ƙarƙashin sitiyari.

"Wancan mai jan tef ɗin nawa ne. Na asali."

"Shi ne."

"Lafiyarsa ƙalau ke nan."

"Ƙalau."

Baba ya gyaɗa kai. Fiyus ya jira faɗa, ya ma so a yi masa, ko ranƙwashi ne. Tsohon ya ce kawai, "Fiyus," a hankali, yadda ake kiran sunan abin da aka daɗe da sani.

Ya zare makulli. Ya juya shi a tafin hannu, ya goge shi da babban yatsa, ya sake mai da shi a raminsa ya bar shi a nan. Ya dafa ƙofa ya fito, ya bi ta gaban motar yana dafa lotsattsen bonet, ya buɗe ɗaya ƙofar. Gefen mai zaman banza yake ce wa kujerar nan, ya sha tsokanar Inna da sunan, ita kuma ta ce zaman banzan ne ya hana shi faɗawa rami shekara da shekaru. Kujerar tana nan a matse gaba, daidai gajerun ƙafafunta. Da ya zauna, gwiwoyinsa suka tokare.

Fiyus ya miƙa hannu zai tura masa ita baya.

"Bar ta," in ji Baba. "Shiga ka kai mu wurin mai gyaran bodi. Ba za a bar ta da fuska haka ba."

Suka fito daga gida da baya. Yaya ce ta buɗe musu ƙofa, idonta jajir, ta ɗaga wa Baba hannu, shi ma ya ɗaga.

"Kai, Fiyus, ka cika jan giya ta ɗaya. Canja. Ba haka ba, a hankali, ba gardama kuke yi ba. Wa ya koya maka tuƙi?"

"Kai ne, Baba."

"Ƙarya kake yi."

A mararraba fitila ta ba su ja. Fiyus ya rage gudu, ya taka birki, mota ta tsaya cak a bayan wata tasi. Sai ya ji wani ɗan motsi a gefensa, ya saci kallo. Ƙafar Baba ta dama tana lalube a kan shimfiɗar roba, inda babu birki babu totur. Ta samu wani wuri, ta danna da ƙarfi, bayan mota ta riga ta tsaya.

"Idonka a hanya," in ji Baba.